"Welcome to Sodom": fim mai kyawun hoto, mai gurguwar ƙididdiga

Mai karatu, in ka taɓa neman labarin sharar kayan lantarki a intanet, to ka ga hoton nan ko da ba ka riƙe sunan wurin ba. Matashi ne tsaye a tsakiyar baƙin hayaƙi, yana juya dunƙulen wayoyin wuta da doguwar sanda, ga shanu can bayansa suna kiwo a kan bola. Sunan wurin Agbogbloshie, a birnin Akra na Ghana, garin da tsofaffin fatakenmu ke kira Ankara. Tun shekarar 2008 da ƙungiyar Greenpeace ta fitar da rahoto a kansa, masu kyamara daga Turai da Amurka suka yi ta zarya can. Aikin da ya fi tashe a cikinsu shi ne fim ɗin Welcome to Sodom, wanda wasu 'yan ƙasar Ostiriya biyu, Florian Weigensamer da Christian Krönes, suka fitar a 2018. Sau biyu na kalle shi. Karon farko na tashi jikina a sanyaye. Karo na biyu na zauna da biro da takarda, kuma abin da na samu a takardar shi ne dalilin wannan rubutu.

Bari in fara ba shi haƙƙinsa, don yana da shi. Fim ne na kimanin awa ɗaya da rabi, babu wani masani a kan kujera yana sharhi, babu mai gabatarwa. Kyamara ce kawai ke bin mutanen wurin. Akwai wata yarinya da ke shigar maza tana jan maganaɗisun tsohuwar lasifika a ƙasa, tana tsintar ɓurɓushin ƙarfe don ta kai ma'auni. Akwai mai wa'azi da ke ratsa filin yana ɗaga murya, akwai samarin da ke ƙona waya da rana su yi waƙa in sun samu sarari. Wanda ya ɗauki hoton ya san aikinsa. Duk wanda ya kalla ba zai sake cewa hayaƙin nan ƙaramin abu ba ne.

Kuma a kimiyyance hayaƙin ya ma fi yadda ido ke gani muni, abin da fim ɗin bai tsaya ya bayyana ba. Robar da ke naɗe da yawancin wayoyin wuta, wadda ake kira PVC, fiye da rabin nauyin tsantsarta sinadarin kulorin ne. Idan aka ƙona ta a fili, wutar ba ta kai zafin da za ta cinye komai ba, sai a samu wani tsaka-tsakin zafi, wajen digiri 200 zuwa 400 a ma'aunin Salshiyos, inda kulorin ke haɗuwa da burbushin gawayi ya haifar da dangin guba da ake kira dayoksin. Abin takaicin, jan ƙarfen da ake ƙonawar dominsa shi ne ke hanzarta wannan haɗuwa. Wato dai wanda ya so ya ƙera dayoksin da gangan, da wuya ya samu dabarar da ta fi tara wayar wuta ya cinna mata tsohuwar taya. Shi kuwa dayoksin ba ya narkewa a ruwa, maiƙo yake bi. Yana sauka a ƙasa, kaza ta tona ta ci, ya taru a ƙwanta. Idan ya shiga jikin mutum, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yakan ɗauki shekara 7 zuwa 11 kafin rabinsa ya fita. A 2019 ƙungiyoyin IPEN da Basel Action Network sun gwada ƙwan kajin da ke yawo a Agbogbloshie, suka ce babban mutum da ya ci ƙwai ɗaya tak ya zarce iyakar da hukumar kula da abinci ta Turai ta gindaya ta dayoksin a yini har ninki 220. Ka ga ke nan ba mai ƙonawar kaɗai abin ya shafa ba, har da mai shayin da ke soya ƙwai a bakin titi da wanda ya saya.

To ina matsalar? Tana cikin labarin da aka ɗora wa hotunan. Bayanin da ke tafiya da fim ɗin ya ce kimanin mutum 6,000 ke rayuwa da aiki a wurin, kuma duk shekara kimanin tan 250,000 na kwamfutoci da wayoyi da sauran kayan da ƙasashen masu kuɗi suka yar suke ƙarewa a can ta haramtacciyar hanya. Sunan fim ɗin na Jamusanci ma har da ƙarin cewa wayarka ta riga ta iso nan, ana nufin wayar Baturen da ke zaune a silima.

Mu ɗan yi lissafin 'yan firamare. Tan 250,000 a raba wa kwana 365, ya ba ka kusan tan 685 kullum. In tirela ɗaya na ɗaukar tan 40, tirela 17 ke nan za su riƙa juye kaya kowace rana, har da Juma'a da Lahadi, a wani fili da a lokacin yake maƙale tsakanin kasuwar albasa da kogin Odaw. A sake raba adadin wa mutum 6,000 ɗin nan, a haɗa da yara da mata masu sayar da ruwan leda, kowannensu sai ya farfasa tan 40 da ɗoriya a shekara da guduma da kurfi. Lissafin bai hau ba.

Akwai kuma ƙididdigar da aka yi ta zahiri. A ƙarƙashin wani shiri na sakatariyar Yarjejeniyar Basel, an fitar da nazari a kan Ghana a 2011. Ya gano cewa a 2009 duk kayan lantarkin da suka shigo ƙasar, sabo da tsoho, tan 215,000 ne. Kashi 30 cikin ɗari sababbi ne fil, kashi 70 na hannu. A cikin na hannun, kimanin kashi 15 ne ba su sayuwa, sauran ko dai suna aiki ko ana iya gyara su. In ka buga, matattun da suka iso a mace ba su wuce tan dubu ashirin da 'yan kai ba. Na sani tsakanin 2009 da 2018 shigo da kaya ya ƙaru. Amma adadin da fim ɗin ya jingina wa fili ɗaya ya fi abin da ƙasar gaba ɗaya ta shigo da shi a waccan shekarar, har da sabon firjin da ke cikin kwali. Rahoton da ya tattara binciken ƙasashen yankin, ciki har da Najeriya, ya ce har zuwa kashi 85 cikin ɗari na sharar lantarkin Afirka ta Yamma daga amfanin cikin gida take fitowa. Talabijin ɗin da ake fasawa a Agbogbloshie a lokacin mai yiwuwa a Jamus aka fara kallonsa, amma ya yi shekaru a wani falo a Akra ana kallon ƙwallo da shi kafin wani yaro mai tura kura ya saye shi a ƙofar gida. Ɗan jaridar Amurka Adam Minter, wanda ya daɗe yana rubutu a kan sana'ar gwangwan kuma ya ga manyan wurarenta a ƙasar Sin, ya je wurin a 2015, ya ce abin da ya tarar galibi wurin fasa tsofaffin motoci ne da tarkacen gari, kuma bai kama ƙafar girman da ake ba shi ba.

Za ka iya cewa, to mene ne a ciki? Guba dai guba ce, ko daga Hambog ta zo ko daga Nima. Ni ma haka na fara tunani. Amma inda ka ce cuta ta fito, can za ka kai magani. In ka yarda cewa jiragen ruwa ne ke juye wa Afirka shara, maganinka shi ne a rufe tashar ruwa a kuma share filin. In kuwa ka gane cewa birni mai mutum miliyoyi ne ke fitar da mataccen firjinsa kullum, ka san rufe tasha ba zai hana firji mutuwa ba.

Kuma an gwada maganin farkon. Ranar 1 ga Yulin 2021 hukumomin yankin Akra, ƙarƙashin ministan yankin na lokacin Henry Quartey, suka shigo da katafila da jami'an tsaro suka baje filin gwangwan ɗin, a cikin shirin rage cunkoson birni. A daidai wannan lokacin aka tashi 'yan kasuwar albasa zuwa Adjen Kotoku a wajen gari, kuma duk wanda ya san kasuwar ya san yawancin albasar daga Nijar take zuwa, da Hausa ake cinikin mai yawa daga cikinta. Ban ce fim ne ya turo katafila ba, filin yana tsakiyar birni kuma idon mutane da yawa na kansa tun da daɗewa. Abin da nake cewa shi ne, wurin da aka shafe shekara goma sha ana nuna wa duniya a matsayin jahannama, ranar da aka rushe shi ba mai yi masa kuka. Masu binciken da suka koma bayan shekara guda, irin su Grace Akese da Muntaka Chasant, sun ba da labarin cewa sana'ar ba ta mutu ba, warwatsuwa ta yi. Wasu sun tsallaka cikin unguwar Old Fadama suna fasa kaya kusa da ɗakunan kwana. Hayaƙin da a da yake wuri ɗaya da za a iya aunawa, yanzu ya rabu gida-gida.

Sunan fim ɗin kansa yana da nasa laifin. Saduma, garin mutanen Annabi Luɗu, laƙabi ne da mutanen gari suka manna wa unguwar Old Fadama don ƙyama, kuma mazaunanta da yawa ba sa son sa. Sunanta na ainihi kuwa kalmarmu ce, fadama, don a bakin ruwa take. Yawancin masu aikin gwangwan ɗin 'yan arewacin Ghana ne, Dagwamba Musulmi, unguwar ta cika ne musamman bayan rikicin ƙabilanci na 1994 a arewa, sannan talaucin noma ya ci gaba da turo samari. 'Yan ci-rani ne, irin waɗanda muka sani, masu tura kuɗi gida a sayi taki. A fim ɗin kuwa muryoyinsu na zuwa ne daga bayan hoto, da Turanci, a tsare kamar waƙe, ba ka ganin bakin mai maganar yana motsi. Ni dai kunnena bai karɓa ba. Na kasa rabe inda maganar mutumin ta tsaya da inda hannun mai shirya fim ya fara, kuma a fim ɗin da ke cewa gaskiya yake nunawa wannan ba ƙaramin gibi ba ne.

Babban abin da aka bari a waje shi ne masu gyara. Kwamfutar da na rubuta kundin digirina na farko da ita ta hannu ce, tokumbo, da tambarin wata makarantar Turai a bayanta. Sau biyu tana mutuwa, sau biyu wani saurayi a kasuwa yana tayar da ita da kayan da ya ciro daga wata gawar. Na tabbata kai ma kana da irin wannan labarin. Je ka Farm Centre a Kano ko Computer Village a Ikeja ka ga yadda ake ciro gilashin wannan a saka wa waccan. A ma'aunin kare muhalli, wannan shi ne mataki mafi daraja, domin mafi yawan hayaƙin da wayar hannu ke jawo wa duniya a wurin haƙo ma'adinanta da ƙera ta yake, ba a wurin cajinta ba. Duk shekarar da mai gyara ya ƙara wa waya, ya ɗage haƙo wani sabon ramin. Filin gwangwan shi ne rumbun kayan gyaran waɗannan mutane. Fim ɗin ya ɗan leƙa masu saye da sayarwa, amma zuciyarsa na wurin wuta, don wuta ta fi kyau a hoto.

Sai dai kada mu ma mu zarce. Akwai masu jin wannan bayani su ce ashe Turai ba ta da laifi. Tana da shi. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da abokan aikinta a tashoshin ruwan Legas a 2015 da 2016 ya gano ana shigo da kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na hannu a shekara, kuma aƙalla tan 15,000 daga ciki ba sa aiki. Kusan kashi 70 cikin ɗari ba a kwantena suke zuwa ba, cusa su ake yi a cikin motocin tokumbo, inda mai duba kaya ba ya cika leƙawa. Fiye da kashi uku cikin huɗu daga tashoshin Tarayyar Turai suka taso. Ga kuma wata dabarar da ba ta karya doka: a turo maka abin da ke aiki amma saura masa shekara biyu. Ƙasar da ta ci ƙuruciyarsa ta huta da kuɗin binne shi. Mu a Najeriya ba sai an ba mu labarin juye guba ba, a 1988 aka kawo gangunan dafi daga Italiya aka jibge a garin Koko, abin da ya taimaka wajen haifar da Yarjejeniyar Basel a 1989 da ta Bamako a 1991. Gyaran da Ghana da Suwizalan suka gabatar wa Basel, wanda ya fara aiki a Janairun 2025, ya ce duk sharar lantarki sai ƙasar da za a kai wa ta amince tukuna. Wannan ci gaba ne. Amma ko da an toshe wannan ƙofar gaba ɗaya, kaso mafi girma na nan a gidajenmu.

Ga yadda girman abin yake. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce duniya ta fitar da tan miliyan 62 na sharar lantarki a 2022, kuma kashi 22.3 cikin ɗari ne kawai aka rubuta cewa an tattara an sarrafa yadda ya kamata. Mutumin Turai na fitar da kilo 17.6 a shekara, ɗan Afirka kilo 2.5. A Afirka abin da aka rubuta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Lura da kalmar "rubuta". Nazarin Ghana ɗin nan ya kiyasta cewa masu bi gida-gida suna kwashe kusan kashi 95 na matattun kayan, adadin da Turai da motocinta da dokokinta ba ta kai rabinsa a rubuce ba. Ashe wajen tattarawa baban bola ya yi wa kowa fintinkau. Inda aka gaza shi ne abin da ke biyo baya.

Dalilin kuwa kuɗi ne, ba jahilci ba, kuma nan ne na fi jin haushin fim ɗin, domin ya bar mai kallo da tunanin mutanen nan ba su san abin da suke yi wa kansu ba. Ɗauki tsohon talabijin mai ƙeya. Akwai jan ƙarfe a wuyansa, akwai farantin da masu gyara ke kira fanel mai ɗan zinari da azurfa, waɗannan suna da mai saye. Gilashinsa kuwa, a babban talabijin, na ɗauke da dalma fiye da kilo guda, ba mai saye, hasali ma sai ka biya kafin a karɓa. Robar jikinsa an cakuɗa ta da sinadaran hana kama wuta masu illa. Firji haka, a cire injin da ƙarfe, a saki iskar sanyin ta tafi sama, soson jikinsa a yi makamashi da shi. Kamfanin da zai yi aikin da tsabta dole ya ɗauki asarar sassan da ba su da riba, don haka ba zai iya taya kaya da tsadar da ɗan gwangwan zai taya ba. Kai kanka in an zo sayen mataccen firjinka, wa za ka ba? Wanda ya fi tsoka mana.

An gwada kawo injinan fere waya a Agbogbloshie a 2014, ƙungiyar Pure Earth da abokan aikinta na Ghana suka kawo. Sun yi amfani a kan wayoyi masu kauri, amma sirara irin na cikin mota da kwamfuta sun ci gaba da shan wuta, don ashana ta fi sauri kuma ba ta cin kuɗin lantarki. Gwajin da ya fi burge ni shi ne wanda aka yi daga baya da tallafin Jamus: a sayi wayar ɗanya, ba a ƙona ba, a farashin da ya ɗan ɗara abin da mutum zai samu in ya ƙona. Mutane suka riƙa kawowa da kansu, ba ɗan sanda ba wa'azi. Tambayar da ta rage ita ce wa zai riƙa biyan wannan ɗan bambancin in tallafi ya ƙare. Amsar da ke rubuce a doka ita ce mai ƙerawa da mai shigo da kaya. Ghana ta yi dokarta a 2016 da harajin muhalli a kan kayan lantarki. Najeriya na da ƙa'idojin hukumar NESREA tun 2011, an kuma kafa ƙungiyar EPRON a 2018 don ta tattara kuɗin daga kamfanoni. Ma'aunin da zan auna su da shi ɗaya ne: shin kuɗin ya iso hannun mai tura kura, har ya ga kai gilashin talabijin wurin tattarawa ya fi masa jefa shi a kwata? A unguwar da nake, bai iso ba tukuna.

Ka kalli fim ɗin in ka samu, don hayaƙin gaskiya ne kuma ya kamata a gan shi. Amma in ka gama, leƙa bayan ɗakinka. Mu a arewa abin da ke taruwa yanzu batiran sola da na inbata ne, gidaje da shaguna da masallatai da yawa na da su, kuma irin na dalma shekara biyu zuwa huɗu suke yi su mutu. Kowane babba ɗaya na ɗauke da dalma kilo da yawa. Ana sayensu da tsada, a fasa da gatari, a tuttular da ruwan batirin a ƙasa, wani lokaci a narka dalmar a tukunya a cikin unguwa. Mun san abin da dalma ke yi wa yara, a Zamfara a 2010 ta kashe fiye da 400, ko da yake waccan daga dutsen zinari ta fito. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jinin yaro da za a kira lafiyayye, kaɗan ma na rage kaifin ƙwaƙwalwa, kuma ba ya dawowa. Waɗannan batiran ba wanda ya juye mana su daga jirgi, da kuɗinmu muka saya sababbi. Nawa biyu suna nan a ƙarƙashin matakala tun bara, mai gwangwan ya taya sau uku, na hana, kuma har yau ban samo wurin da zan kai su ba.